Ƙarfen dafa ruwa da agogon da ke kashe mashi wuta

Ɗari ya shigo ƙasar Arewa. A watan Disamba da na Janairu ruwan randa yakan yi sanyi ƙarara. Tsoho yana son ruwan ɗumi don alwalar asuba. Yara suna son shi kafin su tafi makaranta. Mai jego kuwa ba ta rabuwa da ruwan zafi har ta yi arba'in. Itace kuma ya yi tsada, dajin da ake samo shi ya yi nisa.

A Dogon Dutsi da Tibiri da waɗansu manyan garuruwa akwai lantarki, wanda ake ce wa kuran. Gidaje da yawa a can sun koma ga wani ɗan ƙarfe da ake tsomawa cikin bokiti ya ɗumama ruwa. Ƙarfen yana da amfani, amma yana da aibi guda babba: ba ya kashe kansa. In an manta da shi sai ya cinye kuɗi, wani lokaci ya jawo gobara. Darasin nan yana bayani a kan wani ɗan agogo da ke kashe mashi wuta in lokaci ya cika, da yadda ake ɗora shi, da abin da agogon ba ya iya yi.

1. Mene ne ƙarfen dafa ruwa?

Ƙarfe ne murɗaɗɗe mai mariƙin roba da doguwar waya. Waɗansu na ce mashi hita, waɗansu shofo. A cikin cikinsa akwai wata siririyar waya. In lantarki ya bi ta cikinta sai ta yi zafi. Zafin ya fito ta jikin ƙarfen ya shiga ruwa.

Ana auna ƙarfin kayan lantarki da wat. A rubuce alamarsa ita ce W. Akwai ƙarfe mai wat 500, da mai 1000, da mai 1500, da mai 2000. Ana rubuta adadin a jikin mariƙi ko a kwalinsa. Wanda ya iya karatu zai gani da idonsa, ba sai mai kanti ya gaya mashi ba.

Ƙaramin ƙwan fitila na zamani yana cin wat 10. Ke nan ƙarfe mai wat 1000 yana cin wutar ƙwan fitila 100 a lokaci guda. Shi ya sa mai ƙarfen nan yake ganin kuɗin wutarsa ya hau a watannin ɗari.

2. Ina haɗarin yake?

Ruwa ne ke kwashe zafin ƙarfen. Muddin yana nutse cikin ruwa, lafiya lau. In ruwa ya ƙafe, ko aka fid da ƙarfen yana kunne, nan da nan sai ya yi ja wur. Ya narkar da bokitin roba. Ya kama tabarma, ko katifa, ko zana.

Ga misalin yadda abin ke faruwa. Wata mata ta tsoma ƙarfe cikin bokiti bayan sallar isha. Ruwan bai gama ɗumi ba sai aka ɗauke wuta. Gida ya yi duhu. Ta jira, wuta ba ta dawo ba, ta kwanta. Ba ta zare wayar daga bango ba, domin a ganinta ai babu wuta. Can da tsakar dare aka maido wuta. Ƙarfe ya ci gaba da aiki. Ruwa ya tafasa, ya yi ta raguwa, kowa yana barci. Matar nan ba sakarya ba ce. Mantuwa ce, kuma kowa na mantuwa.

Haɗari na biyu shi ne jan lantarki. In jikin ƙarfen ya tsage, ko wayar ta ɓare, lantarki yakan shiga ruwan. Yaro ya sa hannu don ya ji ko ruwa ya yi ɗumi, sai wuta ta ja shi. Lantarkin gida a Nijar bolt 220 ne. Ya isa ya kashe babban mutum, balle yaro mai jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi.

Akwai kuma masu haɗa nasu ƙarfen da reza biyu ko gwangwani da waya. Irin wannan ta cikin ruwan kansa lantarki ke bi. Duk wanda ya taɓa ruwan ya taɓa wuta. Kada a ajiye irinsa a gida, da agogo ko ba agogo.

3. Mene ne agogon kashe wuta?

Ɗan akwati ne kamar girman tafin hannu. A bayansa akwai ƙafafu da ake sokawa cikin piriz, wato gurbin wuta na bango. A gabansa akwai wani gurbin, inda ake soka wayar ƙarfe. Yana zama tsakanin bango da ƙarfe kamar ƙofa. In lokacin da aka sa mashi ya yi sai ya buɗe wa wuta hanya. In lokacin ya ƙare sai ya rufe.

Iri uku ne aka fi sani.

Na farko mai faifai ne. Faifan yana juyawa sau ɗaya a yini da kwana. An rubuta lambobi a kansa daga 1 zuwa 24. A gefen faifan akwai ƙananan haƙora. A mafi yawansu haƙora 96 ne, kowane haƙori minti 15. A waɗansu 48 ne, kowane haƙori minti 30. Haƙorin da aka danna shi ne lokacin da wuta za ta wuce.

Na biyu mai wani ne. Ana murɗa shi da hannu kamar agogon da, zuwa minti 30 ko 60. Yana komawa baya sannu sannu. Da ya kai sifili sai ya kashe wuta, kuma ba ya sake kunnawa sai an sake murɗa shi.

Na uku mai ɗan gilashi ne da lambobi ke fitowa a ciki. Yana da ƙaramin batir da ke riƙe mashi lokaci. Ya fi tsada, saita shi kuma ya fi wuya.

Ga mai aiki da bokiti, mai wani ya fi dacewa in an same shi. In ba a samu ba, mai faifai ya yi, amma da sharuɗɗan da ke tafe.

4. Abin da za a duba kafin a saya

A juya agogon a karanta bayansa. Dole a ga an rubuta 16 A, ko kuwa 3500 W ko kusa da haka. Wannan shi ne nauyin da yake iya ɗauka. A ɗin nan ana ce mashi ampar. Ƙarfe mai wat 1000 yana jan ampar 4 da rabi. Mai wat 2000 yana jan ampar 9. Agogon da aka yi don fitila kaɗai ba ya ɗaukar wannan nauyi. Zai yi zafi ya narke. Araha ba ta ado.

A duba ƙafafunsa su dace da piriz na gida. Piriz na Nijar ramukansa zagayayyu ne, irin na Faransa. Kayan da ke shigowa daga Najeriya sau da yawa ƙafafunsu uku ne masu kusurwa, irin na Ingila. Kada a tura su da ƙarfi. Kada kuma a yanke kan waya a cusa tsirarun wayoyi cikin rami a danne da tsinken ashana. Inda waya ba ta zauna daram ba, nan ne zafi ke taruwa, nan ne gobara ke farawa.

A duba piriz ɗin kansa. In ya yi baƙi, ko yana girgiɗi, ko yana warin ƙonannen roba, a kira mai gyaran lantarki ya canja shi tukuna. Wayar da ta dace da piriz mai ɗaukar irin wannan nauyi ita ce mai lamba 2,5. Siririyar wayar fitila ba ta isa ba.

5. Minti nawa ruwa ke bukata?

Kafin a saita agogo sai an san lokacin da ruwan ke bukata. A ɗauki bokiti mai cin lita 20. Ruwan yana da sanyi, awon zafinsa digiri 20. Ana so ya kai digiri 40, wato ɗumin wanka. Ga kimanin lokacin da zai ɗauka:

Ƙarfe mai wat 500: awa 1, haƙora 4.
Ƙarfe mai wat 1000: minti 30, haƙora 2.
Ƙarfe mai wat 1500: minti 20, haƙori 1 ko 2.
Ƙarfe mai wat 2000: minti 15, haƙori 1.

Wannan lissafi na agogo mai haƙoran minti 15 ne. In ruwan lita 10 ne, a raba lokacin biyu.

Yanzu a dubi kuɗi. Kwantar da Nijelek ke kafawa a gida tana ƙirga wuta da kilowat. Ƙarfe mai wat 1000 in ya yi awa 1 yana aiki ya ci kilowat 1. Gidan da ke kunna shi minti 30 kullum zai ci kilowat 15 a wata mai kwana 30. Gidan da ke barin shi awa 2 kullum saboda mantuwa zai ci kilowat 60. Bambancin kilowat 45 ne. Ruwan wanka kuwa duk bokiti ɗaya ne. Gida na biyu ma sai ya surka nasa da ruwan sanyi, domin ya yi zafi da yawa. Ya biya kuɗin zafin da bai yi amfani da shi ba. Mai kwantar kati, wadda ake sayen wuta kafin a sha, shi zai fi saurin ganin wannan bambanci.

6. Yadda ake ɗora agogo mai faifai

Na ɗaya. A ɗaga haƙoran duka, kada a bar ko ɗaya a danne.

Na biyu. A juya faifan ta inda kibiyar jikinsa ta nuna, wato yadda hannun agogo ke tafiya. Kada a juya shi baya, zai lalace. A tsaida shi inda lambar lokacin da ake ciki ta zo daidai da ƴar alamar da ke tsaye. A tuna lambobin sun kai 24. Lamba 5 ita ce biyar na asuba. Lamba 17 ita ce biyar na yamma. Lamba 20 ita ce takwas na dare.

Na uku. A cika bokiti. Bokitin roba mai kauri ya fi na ƙarfe, domin na ƙarfe yana ɗaukar lantarki in ƙarfen dafa ruwa ya tsage. A gitta busasshen icce a bakin bokiti, a rataya ƙarfen a kai. Kada ya taɓa gindin bokiti ko gefensa. Murɗaɗɗen wurin ya nutse duka. Mariƙi da waya su kasance a sama, ruwa bai taɓa su ba.

Na huɗu. A danna haƙoran da ake bukata, daga inda alamar ta tsaya zuwa gaba. A waɗansu agogon jawo haƙorin ake yi waje, ba dannawa ba. A gwada da fitila ko rediyo ranar farko don a gane.

Na biyar. A duba ɗan makunnin da ke gefen agogon. Yana da wuri biyu. Ɗaya yana barin wuta ta wuce kullum, ba ruwansa da haƙora. Ɗayan, mai hoton agogo, shi ne na aiki da lokaci. A tabbata yana kan hoton agogo. Nan ne mutane da yawa ke kuskure.

Na shida. Da busasshen hannu, da takalmin roba a ƙafa, a soka wayar ƙarfe cikin agogo, sannan a soka agogo cikin piriz. Agogon ya kasance a sama, nesa da inda ruwa ke fantsama. Kada a haɗa shi da doguwar wayar ƙari mai ramuka da yawa.

Na bakwai. In lokaci ya cika, a zare waya daga bango. A dakata kamar minti ɗaya ƙarfen ya huce. Sannan a fid da shi a rataya inda yara ba su kaiwa. Sai bayan haka ne za a sa hannu cikin ruwa.

7. Abin da agogo ba ya iya yi

Agogo mai faifai bai san yau da gobe ba. Haƙorin da aka danna yau, gobe ma a wannan lokaci zai buɗe wa wuta hanya. In an bar ƙarfen a haɗe da shi, gobe zai kunnu ko yana cikin ruwa ko yana kwance kan tabarma. Saboda haka zare waya bayan an gama wajibi ne kullum.

Abu na biyu, faifan da lantarki yake juyawa. In an ɗauke wuta sai ya tsaya cak. Wannan yana da alheri guda. A koma ga matar nan ta misali. Da tana da agogo, da aka maido wuta da tsakar dare, ƙarfen zai yi sauran mintocinsa ne kawai ya mutu. Ruwa ba zai ƙafe ba.

Amma yana da illa. Tsayuwar nan tana sa agogon ya yi baya. A ce mai gida ya saita shi ya kunna ƙarfe 5 na asuba. Da dare aka ɗauke wuta awa 3. Agogon zai kunna ne ƙarfe 8 na safe. A lokacin mai gida ya tafi garka, uwar gida ta tafi rijiya, yara ne kaɗai a tsakar gida kusa da bokiti. Don haka kada a saita agogo ya kunna da kansa a lokacin barci ko in ba babba a gida. A yi amfani da shi don kashewa. Kunnawa kuwa babba ya yi ta da hannunsa.

Ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. An kafa Nijelek a 1968. Tun 1976 aka ja babbar waya daga Birnin Kabi a Najeriya, ta bi ta Doso zuwa Yamai, tana kawo wutar madatsar ruwa ta Kainji. A watan Agusta na 2023 aka tsaida wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Ko ba wannan ba, iska da hadari da gyaran waya duk suna sa a ɗauke wuta. Doka guda ce: da an ɗauke wuta, a tashi a zare ƙarfen dafa ruwa daga bango kafin a nemi ashana ko cocila. Bayan wuta ta dawo kuma a gyara lokacin faifan.

8. Babbar tukunya ta bango

A gidajen likita da waɗansu gidajen birni akwai tukunyar ƙarfe rufaffiya da ake kafawa a bango, mai cin lita 50 ko 80 ko 100. Ƙarfen dafa ruwa yana cikinta. Tana da abin da ke kashe ta in ruwa ya kai zafin da aka sa mata, ya sake kunna ta in ya huce. In an bar ta haka dare da rana za ta yi ta cin wuta ko ba mai wanka. Agogo yana hana wannan ɓarna. Ana saita shi ya ba ta wuta awa 2 ko 3 kafin lokacin wanka.

Sau da yawa wayar tukunyar nan a bango take kai tsaye, ba ta da kan da ake zarewa. Ɗora mata agogo aikin mai gyaran lantarki ne wanda ya koyi sana'ar. Mai gida kuwa ya tsaya ya ga abu huɗu. Ya ga an kashe babban makunnin da ke kusa da kwantar kafin a taɓa waya. Ya ga agogon mai ampar 16 ne ko fiye. Ya ga an haɗa wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, kuma ba ta bi ta cikin makunnin agogo ba. Ya ga an ɗaure kowace waya tam da sukurunta an rufe akwatin. In da hali ya sa a ƙara mashi makunnin tsaro mai lamba 30 mA. Shi wannan da ya ji lantarki yana zurarewa ta jikin mutum ko ta ruwa sai ya yanke wuta nan take. Zafin tukunyar kuma a bar shi wajen digiri 60, domin ruwan da ke kwana da ɗumi ɗumi ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki.

9. In tsautsayi ya faru

In wuta ta ja mutum, kada a kama shi da hannu. Mai kamawar ma za ta ja shi. A kashe babban makunni. In yana da nisa, a ture wayar da busasshiyar sanda. A kai mutumin likita ko da ya ce ya ji sauƙi, domin lantarki yakan taɓa zuciya.

In waya ta kama da wuta, kada a watsa ruwa sai an kashe makunni. A zuba rairayi.

In ruwan zafi ya ƙona yaro, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a shafa mai, ko toka, ko ƙwai. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi likita.

10. Inda babu lantarki

Ƙauyuka da yawa a yankunan Dogon Dutsi da Tibiri ba su samu wuta ba tukuna. Waɗansu gidaje suna da ƙaramin faranti mai aiki da rana don fitila da cajin salula. Kada a haɗa mashi ƙarfen dafa ruwa. Nauyin ya fi ƙarfinsa, zai lalata batir.

Rana kanta tana ɗumama ruwa ba kwabo. A cika baƙin bido, a rufe, a ajiye shi a rana tun da hantsi inda iska ba ta bugunsa. Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi. In an lulluɓe shi da tsohon bargo zai riƙe ɗumin har dare. Baƙin abu ya fi fari shan zafin rana. A kan wannan ilimi ne ma'aikatar Onersol, da aka kafa a Yamai a 1965, ta ƙera tukwanen ɗumama ruwa da rana. Malam Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabance ta shekaru da yawa.

Tambayoyi don a tattauna a makarantar yaƙi da jahilci

1. Me ke samun ƙarfen dafa ruwa in ruwan bokiti ya ƙafe?
2. Wace lamba za a nema a bayan agogo kafin a saya?
3. Wanne ake fara yi: tsoma ƙarfe cikin ruwa ko soka waya a bango? Don me?
4. An saita agogo mai faifai ya kunna ƙarfe 6 na safe. Da dare aka ɗauke wuta awa 2. Ƙarfe nawa zai kunna?
5. Ƙarfe mai wat 2000 yana aiki minti 30 kullum. Kilowat nawa zai ci a kwana 30?
6. Kowane ɗalibi ya rubuta wannan jimla da manyan baƙaƙe, ya kai gida ya liƙa ta kusa da piriz: IN AN ƊAUKE WUTA, A ZARE ƘARFE.